Gwanar gwanaye a gudun dogon zango na 'yan matan sakandaren Amurka: ni dai Mary Cain zan sa a gaba

Tun da Jane Hedengren ta gama sakandare a 2025 masu bibiyar guje-guje suke ta cewa ai shikenan an gama magana, ba a taɓa yin yarinyar sakandare a Amurka da ta kai ta gudun dogon zango ba. Ni kam gaskiya ban yarda an gama magana ba. Yarinyar nan ta yi abun da ya girgiza ni, kuma zan faɗe shi ba tare da na rage mata komai ba, amma in aka ce in jera su tun daga shekarun 1970 zuwa yau, Mary Cain zan sa a gaba, Hedengren ta biyo ta, sai Mary Decker, sai Katelyn Tuohy. Dalilina kuwa shi ne agogo shi kaɗai ba ya raba gardama tsakanin yaran da shekara 10 ko 30 ko 50 ta raba, dole sai an duba da wa yarinya ta kara, da wane takalmi, kuma wace irin rata ta ba sa'o'inta.

Ga wanda bai saba da tsarin nasu ba, sakandare a Amurka shekara huɗu ce, aji 9 zuwa 12, yara daga kamar shekara 14 zuwa 18. Da kaka ana gudun daji, galibi kilomita 5 a kan ciyawa da taɓo da tudu da gangare. Da hunturu a koma rufaffen fili mai zagayen mita 200, da bazara kuma a fito babban fili mai mita 400. Su har yanzu da mil suke yawan lissafi, mil ɗaya mita 1609 ne, wato zagaye huɗu da 'yar ɗoriya. A gudun daji gasar ƙasa biyu aka daɗe ana yi, akwai wadda aka fara a 1979 da sunan Kinney daga baya ta koma Foot Locker, mafi yawan shekarunta a San Diego aka yi ta, akwai kuma Nike Cross Nationals da ake yi a Portland ta jihar Oregon. Wannan rabuwa ita kanta matsala ce ga mai son jera gwanaye, don sau da yawa gwanaye biyu na shekara ɗaya ba sa haɗuwa, a 2017 misali Tuohy ta ci ta Portland, Claudia Lane ta ci ta San Diego, kowace ta koma gida da sunan zakarar ƙasa.

To bari in fara da ba Hedengren haƙƙinta. 'Yar makarantar Timpview ce a garin Provo na jihar Utah, gari ne mai tsaunuka da ke sama sosai, irin wurin da iska ba ta da kauri kuma mai atisaye a can yakan sauko ƙasa da ƙarfin huhu. A watan Disamba 2024 ta ci gasar Portland da minti 16 da sakan 32.7, ta ba ta biyu ratar kusan sakan 41, wato tana shan ruwa ana lulluɓa mata bargo sauran ba su ma shigo layin ƙarshe ba. Da aka shiga 2025 kuma sai ta riƙa share tarihi kamar da gayya, a Afrilu ta yi mita 5000 a 14:57.93, ita ce yarinyar sakandaren Amurka ta farko da ta sauko ƙasa da minti 15, a Yuni ta yi mil ɗaya a 4:23.50 a St. Louis, bayan 'yan kwanaki ta yi mil biyu a 9:17.75, sannan mita 3000 a 8:40.03. Duk a cikin 'yan watanni fa. Wanda ya ce wannan ba abun mamaki ba ne to bai san gudu ba, kuma in tambayar ita ce wace ce ta fi kowa sauri a agogo daga mil ɗaya zuwa kilomita 5, amsar ita ce Hedengren, babu ja.

Amma a duba wani abu. A 1982 wata yarinya daga Kalifoniya mai suna Polly Plumer ta yi mil ɗaya a 4:35.24, kuma wannan tarihi na filin waje sai da ya shekara 36 yana zaune daram kafin Tuohy ta goge shi a 2018 da 4:33.87. Shekara 36 ana ta haihuwar yara masu baiwa, ana ta samun sababbin kociyoyi, ba a rage ko sakan biyu ba. Sai kuma daga 2018 zuwa 2025, shekara 7 kacal, aka zabtare sama da sakan 10, Sadie Engelhardt ta yi 4:28.46 a 2024, Hedengren ta zo ta sauke shi zuwa 4:23.50. Me ya canza a shekarun nan 7? Jikin 'yan mata bai canza ba. Takalmi ne ya canza. Tun da Nike ta fito da takalmin Vaporfly kasuwa a 2017, mai soso mai taushi da ke mayar wa ƙafa ƙarfi da wani ɗan faifan kabon a ciki, sannan irin wannan fasaha ta shigo takalman fili masu ƙusa wajen 2020, lokuta suka riƙa zubewa a ko'ina a duniya, manya da yara, maza da mata, har sai da hukumar guje-guje ta duniya ta sa doka a 2020 kan kaurin ƙasan takalmi. Kuma amfanin takalmin ba ranar tsere kaɗai yake ba, yana sa ƙafa ba ta gajiya sosai a atisaye, sai yarinya ta iya ƙara yawan gudun mako ba ta karye ba. Ɗauko lokacin 1982 a ajiye kusa da na 2025 a ce wannan ta fi waccan, kamar a gwada mai noma da fartanya ne da mai garmar shanu a ce a ƙirga kunya a ga wa ya fi ƙwazo.

Inda ake iya ganin gaskiya da ɗan haske shi ne gudun daji, don a taɓo da ciyawa soson takalmi ba ya taimako kamar a fili. A wannan filin golf na Glendoveer da ake gasar Portland, Tuohy ta yi 16:37.8 a 2018, Hedengren ta yi 16:32.7 a 2024. Sakan biyar ne tsakaninsu. Na san yanayi yana bambanta, wata shekarar ruwa ya jiƙa ƙasa wata shekarar da sauƙi, amma dai wannan ya nuna ratar da ke tsakanin yaran nan biyu ba ta kai yadda lokutan fili suke nunawa ba. Haka a San Diego, Melody Fairchild ta yi 16:39 a 1990 da takalmin zamanin da, kuma lokacin nata ya haura shekara 30 babu wadda ta taɓa shi, har cikin zamanin sababbin takalman.

Yanzu ga Mary Cain. 'Yar Bronxville ce, wani ƙaramin gari kusa da birnin New York, an haife ta a Mayu 1996. Abun da ta yi a 2013 tana aji 11, tana tsakanin shekara 16 da 17, shi ne ya sa na kasa sauke ta daga kan kujerar nan. Da hunturu ta yi mil ɗaya a rufaffen fili a 4:28.25, ta yi mil biyu a 9:38.68, ta kuma ci gasar manyan matan Amurka ta rufaffen fili a mil ɗaya, ba ta yara ba fa, ta manya, mata masu kwantiragi da kamfanoni waɗanda gudu ne sana'arsu. A Mayu ta yi mita 1500 a 4:04.62. Ranar 1 ga Yuni a garin Eugene na jihar Oregon, a gasar Prefontaine Classic, ta shiga mita 800 da gwanayen duniya ta fito da 1:59.51, ta zama yarinyar sakandaren Amurka ta farko da ta sauko ƙasa da minti biyu, ta goge 2:00.07 na Kim Gallagher da ya shekara 31. Duk wanda ya kalli tseren nan ba zai manta abun da ya faru bayan layi ba, Alysia Montaño wadda ita ce zakarar Amurka a mita 800 a lokacin, wadda aka sani da maƙala fure a gashinta duk tseren da za ta yi, ta cire furen ta sa wa yarinyar a kai, ita kuma tana haki tana dariya kamar ba ta yarda da abun da allo ya nuna ba. Mako guda bayan haka ta gwada mita 5000 ta yi 15:45.46, shi ma tarihi a lokacin.

A lura da wannan lissafi, don shi ne ginshiƙin maganata. Mita 1500 a 4:04.62 in aka mayar da shi mil ɗaya yana faɗawa wajen 4:24. Hedengren 4:23.50 ta yi. Ke nan Cain, shekara 12 kafin nan, da tsohon takalmi mai ƙusa wanda ba shi da soson zamani, tana aji 11 ba 12 ba, ta yi gudun da bai fi sakan ɗaya ba tsakaninsa da na Hedengren. Kuma a Janairu 2014 tana aji 12 ta yi mil ɗin kansa a 4:24.11 a Boston, sai dai ba a sa shi a kundin sakandare don lokacin ta riga ta sa hannu a kwantiragi. A ba ta takalmin 2025 mana a ga inda za ta tsaya.

Sannan babban abun, wanda babu wata a cikin sauran na wannan ƙarni da ta yi shi. A gasar ƙasa ta manya a Des Moines ta zo ta biyu a mita 1500, ta samu gurbin wakiltar Amurka a gasar duniya ta Mosko a Agusta 2013, ta tsallake zagayen farko, ta tsallake na kusa da ƙarshe, ta tsaya a layin fainal tare da irin su Abeba Aregawi da Jenny Simpson da Hellen Obiri, ta ƙare ta 10 a ranar. Yarinyar da za ta koma aji a watan Satumba. Gudun neman lokaci, inda aka sa wata ta ja muku gudu kowa ya bi layi, daban yake da tseren gasa inda ake ture-ture da gwiwar hannu, a yi tafiyar hawainiya zagaye biyu sannan a fashe da gudu ba sanarwa, kuma sai ka yi haka sau uku cikin 'yan kwanaki. A nan ake gane wadda ta iya tsere, ba wadda ta iya gudu kawai ba. A 2014 kuma ta ƙara da zinare a mita 3000 a gasar matasa ta duniya a Eugene, a gaban 'yan Kenya, abun da ba kasafai Ba'amurkiya take yi ba.

Masu goyon bayan Hedengren suna da hujja mai ƙarfi, ba zan ɓoye ta ba. Suna cewa ai maganar dogon zango ake, ba mita 800 ba, kuma a mita 5000 tsakanin 14:57.93 da 15:45.46 akwai sakan 47, sama da rabin zagaye, babu takalmin da zai ba mutum wannan. Gaskiya ne. Suna kuma cewa Cain ba ta taɓa cin gasar ƙasa ta gudun daji ba, a 2012 a Portland ta biyu ta zo bayan Sarah Baxter ta Simi Valley. Shi ma gaskiya ne. In da a ce ma'aunin mutum kilomita 5 ne kaɗai to ya sa Hedengren a gaba ba zan yi faɗa da shi ba. Amma ni a ganina mita 5000 na Cain gwaji ne ta yi a tsakiyar kakar da take shirin 800 da 1500, ba shi ta sa a gaba ba, kuma yarinyar da za ta iya riƙe tarihin ƙasa daga mita 800 har zuwa 5000 a shekara guda, wannan faɗin baiwa ne da ban ga irinsa ba. Hedengren a shekarunta na sakandare ta fi duk sa'o'inta nesa ba kusa ba, amma ba ta kai ga saka rigar Amurka a gasar manya ta duniya ba. Cain ta saka, ta kuma kai fainal.

Akwai kuma masu cewa Cain ba 'yar sakandare ba ce ta gaskiya, don tun ƙarshen 2012 ta bar tawagar makarantarta ta koma ƙarƙashin koci Alberto Salazar na tawagar ƙwararru ta Nike Oregon Project, yana tsara mata atisaye daga nesa. Wannan magana ba ta kama ni ba. Tana zuwa aji, tana jarrabawa, shekarunta na sakandare ne. In za a cire duk wadda ta yi gudu a wajen tawagar makaranta to sai a cire kusan duk 'yan shekarun 1970, don a lokacin makarantu da yawa ba su ma da tawagar mata. Dokar Title IX da ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya sai a 1972 aka yi ta, kuma ta ɗau shekaru kafin ta kama ƙasa. Lynn Jennings a Massachusetts da tawagar maza ta yi gudun daji don babu ta mata.

Wannan ne ya kawo ni kan Mary Decker, wadda yaran yanzu suke mantawa da ita ko kuma su tuna ta kawai da faɗuwar da ta yi a Olamfik na Los Angeles a 1984 bayan ƙafarta ta sarƙe da ta Zola Budd. Tun kafin wannan, a 1973, tana shekara 14, 'yar mitsitsiya da gashi ɗaure gida biyu nauyinta bai wuce kilo 40 ba, ta je Minsk a karawar Amurka da Tarayyar Sobiyet ta ci mita 800 a gaban manyan matan Sobiyet, a zamanin da su ne ke riƙe da wannan fage. A 1974 ta kafa tarihin duniya na rufaffen fili a yadi 880, wato kamar mita 800. Tarihin duniya fa, ba na sakandare ba. In da hujjar karawa da manya ce kaɗai ma'aunina da ita zan sa a gaban kowa. Abun da ya sa na bar ta ta uku shi ne bajintar tata a wancan shekarun ta fi tsayawa a gajeren zango, kuma fagen mata a lokacin bai cika ba, mita 1500 na mata sai a 1972 ya shiga Olamfik, mita 3000 da gudun famfalaki sai 1984, matan Kenya da Habasha ba su riga sun fito da yawa ba. Duniyar da Cain ta kara da ita a 2013 ta fi cika da gwanaye.

Tuohy kuwa ita ce sarauniyar gudun daji, a nan ban ga mai ja da ita ba. 'Yar North Rockland a jihar New York, ta ci gasar Portland sau uku a jere, 2017 da 2018 da 2019. Na farko da ratar kusan sakan 40 tana aji 10. Amma ni na ukun ya fi burge ni, don a 2019 ba ta cikin ganiyarta, Taylor Ewert da Sydney Thorvaldson suka manne mata har layi, su ukun suka shigo kusan tare kamar sakan ɗaya tsakaninsu, ta dai cije ta riƙe. Cin tsere ranar da jiki ke amsawa daban, cin sa ranar da kowa ya zo don ya kayar da kai kuma ƙafa ta yi nauyi shi ma daban. Ga 15:37.12 a mita 5000 na rufaffen fili a Janairu 2018, ga 9:47.88 a mita 3200, duk kafin sababbin takalman ƙusa su yaɗu. Shekara uku tana saman ƙasa kowa na kallonta a intanet tun tana 15, wannan nauyi ne da Decker ma ba ta ɗauka irinsa ba.

Wani abu da ke ɓata min rai a irin wannan muhawara shi ne yadda ake shigo da abun da yarinya ta zama daga baya. Sai ka ji an ce ai wance ba ta yi komai ba bayan sakandare, don haka a sauke ta. Wannan ba adalci ba ne, tambaya biyu ce daban. In da abun da aka zama daga baya ake aunawa ai da Lynn Jennings ce a gaba, ta ci gasar gudun daji ta duniya sau uku a jere daga 1990 zuwa 1992 ga tagulla a mita 10,000 a Barcelona. Ko Deena Kastor da ta ci tagulla a gudun famfalaki a Athens a 2004 alhali ba ta taɓa cin Kinney ba, ko Shalane Flanagan da ta ci gudun famfalaki na New York a 2017. Ko Molly Seidel da ta ci Foot Locker a 2011 ta zo ta ci tagulla a Olamfik na Tokyo. Duk gwanaye ne, amma ba su ne suka fi kowa a shekara 16 ba. Amber Trotter ta ci Foot Locker a 2001 a Orlando da 16:24 da ratar sakan 40, daga nan kusan ba a sake jin ɗuriyarta a manyan gasa ba, wannan bai rage ko sakan ɗaya daga abun da ta yi ranar ba.

Kuma in an tsaya an tambayi me ya sa da yawa daga cikin yaran nan suke ɓacewa, amsar ba daɗi, shi ya sa ma nake jin zafin masu yi musu gori. A Nuwamba 2019 Cain ta fito a wani bidiyo na jaridar New York Times ta faɗi abun da ya same ta bayan ta koma Portland wurin tawagar Salazar. Ta ce an matsa mata ta rage nauyi zuwa fam 114, wajen kilo 52, ana auna ta a gaban abokan atisaye, jinin al'adarta ya ɗauke shekara uku, ƙashi biyar ya karye a jikinta, har ta kai tana yi wa kanta rauni tana tunanin kashe kanta. Salazar ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen, amma wasu tsofaffin 'yan tawagar sun fito sun mara mata baya, kuma a 2021 hukumar SafeSport mai kare 'yan wasa ta haramta masa koyarwa har abada. Kafin nan ma a 2019 an dakatar da shi shekara huɗu kan karya dokokin maganin ƙara kuzari, aka rufe tawagar, ita dai Cain ba a taɓa kama ta da wannan laifi ba. Wallahi duk lokacin da na tuna yarinyar da aka sa wa fure a kai a 2013 sannan na tuna wannan bayani sai zuciyata ta yi nauyi. Manya ne suka karɓi amanar 'yar mutane suka kasa riƙewa.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Fairchild ta yi magana a fili kan matsalar cin abinci da ta sha fama da ita, Seidel ma haka, har ta bar gasar neman gurbin Olamfik ta 2016 ta tafi neman magani. Decker ta yi gudun famfalaki tana shekara 12, zuwa 1976 ciwon ƙafa ya hana ta Olamfik. Abun da likitocin wasanni suke bayani shi ne jikin mace in ya zo balaga yana canzawa, ƙugu ya buɗe, nauyi ya ƙaru, sau da yawa gudu ya ɗan ja baya na shekara ɗaya ko biyu kafin ƙarfi ya dawo ya ma fi na da. Yarinyar da aka saba yi wa tafi tana 14 sai ta ga lokacinta ya tsaya, sai ta rage ci, in abinci bai kai abun da jiki ke ƙonawa ba al'ada ta ɗauke, in ta ɗauke ƙashi ya yi rauni, sai karaya ta biyo karaya. Kocin da bai san wannan ba, ko ya sani ya kau da kai don yana son kofi, bai cancanci a ba shi 'yar kowa ba. Shi ya sa nake jin daɗin ganin Tuohy ta je jami'ar NC State ta ci gasar gudun daji ta jami'o'i a 2022, Hedengren kuma ta shiga jami'ar BYU a garinsu kusa da iyayenta tana ci gaba da gudu, Allah Ya sa ta fi haka.

Kada kuma a manta duk wannan jeri na cikin gidan Amurka ne. Zola Budd ta yi mita 5000 a 15:01.83 a Afirka ta Kudu a 1984 tana shekara 17, ba takalmi ma a ƙafarta. Tirunesh Dibaba ta Habasha ta ci zinaren duniya na manya a mita 5000 a Paris a 2003 tana 18. Faith Kipyegon ta Kenya ta ci gasar gudun daji ta matasan duniya a 2011 ita ma ƙafa ba takalmi. Wannan ma yana ƙara min ƙarfin gwiwa kan ma'aunina, don in aka fito da yaran Amurka waje aka haɗa su da waɗannan, waɗanda suka taɓa tsayawa a layi ɗaya da gwanayen duniya suka yi abun a zo a gani ba su da yawa, Cain da Decker ne a gaba.

Kujera ta biyar ce ta fi ba ni wahala. Akwai Jordan Hasay ta Kalifoniya, mai dogon gashin nan da ke kaɗawa a bayanta, ta ci Foot Locker a 2005 tana aji 9 ta sake ci a 2008, kuma a gasar neman gurbin Olamfik ta 2008 a Eugene ta yi mita 1500 a 4:14.50 tana 16, 'yan kallo suka miƙe suna rera mata ta zo jami'ar Oregon, ta kuwa je. Akwai Kim Gallagher, sai dai ita 'yar 800 da 1500 ce. Akwai Lynn Bjorklund ta New Mexico da ta yi mita 3000 a 9:08.6 a 1975, lokacin da ya haura shekara 40 yana matsayin tarihin filin waje. Akwai Cathy Schiro ta New Hampshire da ta shiga gasar neman gurbin gudun famfalaki na Olamfik a 1984 tana shekara 16 ta zo ta 9 da 2:34:24, ta kuma ci Kinney a wannan shekarar, kuma abun takaici ba a cika ambatonta ba. Amma Fairchild zan ba. 'Yar Boulder a Colorado, ta ci Kinney a 1989 da 1990, na biyun da ratar kusan minti ɗaya cur, ita ce yarinyar sakandare ta farko da ta yi mil biyu ƙasa da minti 10, da 9:55.92 a 1991, sannan a wannan shekarar ta je Antwerp a Beljiyam ta ɗauko tagulla a gasar gudun daji ta matasan duniya, a tsakiyar 'yan gabashin Afirka. Hasay ta fi ta daɗewa a sama, wannan na yarda, amma Hasay ba ta taɓa ba filin gasar ƙasa ratar minti ɗaya ba, don haka ta shida zan sa ta, Schiro ta bakwai.